Idirisu Maƙeri da Shafi na Tara

Idirisu haifaffen Birni ne, a wani tsohon gida da ke jingine da ganuwa, gidan da aka sani da ƙira tun lokacin da gwangwani ya fara shigowa Damagaram. Ubansa fitilun aci-bal-bal yake yi da gwangwanin madara, da mazurari, da ludayin awon mai, irin sana'ar da ba ta sa mutum arziki amma ba ta barinsa ya kwana da yunwa. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Yayarsa Inno, wadda ta ba shi shekara takwas, ita ta ƙarasa renonsa. Har ya fara furfura bai taɓa kiran sunanta gatsal ba, sai dai Yaya.

Fari ne ya fara ɗaga shi. A shekarar tamanin da huɗu, da damina ta ƙi, hukuma ta ce kowa ya koma bakin tabki da fadama ya yi garka, a shuka kabeji da salati da dankali kafin wata daminar. Garka kuwa ba ta yiwuwa sai da butar ban-ruwa, wadda mutanen gari ke kira arozuwar. Na Turai sun yi tsada, kuma ba su wadata ba. Idirisu yana saurayi a lokacin. Ya ari ɗaya wurin wani malamin gona, ya yi kwana uku yana jujjuya ta, ya kwance ta gaɓa-gaɓa, ya mayar, sannan ya yanka tsohuwar gangar mai ya ƙera tasa. Ta farko ta yi yoyo, ta biyu hannunta ya ɓalle. Ta biyar ce malamin gonar ya kasa bambancewa da tasa sai da ya ɗaga ya ji nauyi. Daga nan Idirisu ya kafa rumfa a gefen kasuwar Dole, ya auri Kaltuma, ya zama mutumin da in aka ce buta sai a ce je ka wurinsa.

Inno kuwa aure ya kai ta Hamdara, ta yi shekara ashirin da wani abu a can. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu da ƴaƴa huɗu, ta zauna a sashen da ke kallon na Idirisu, tukunyarsu ɗaya. Ba ta yarda ta naɗe hannu ƙane ya ciyar da ita ba. Ta sami aikin shara a biro, wato ofishin wani furoje, shirin Turawa mai taimakon masu garka. Tana isa kafin kowa, ta share ɗaki shida da baranda, ta goge tebura, ta ba furannin tsakar gida ruwa. Da ta ga bokiti yana tone gindin furannin, sai ta ɗauko buta ɗaya daga rumfar ƙanenta. Shugaban furojen na wancan lokaci, wani dogon Bature mai son hira, ya gan ta a hannunta, ya karɓa, ya ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, ya tambayi inda aka saya. Ta haka Idirisu ya shiga. Shekara bakwai a jere, da kaka ta yi, farar mota za ta tsaya gaban rumfarsa, a ce ɗari uku ko ɗari biyar, a rubuta ƴar takarda da ba ta wuce tafin hannu ba, a sha shayi, a tafi. Mutum shida ke buga guduma a ƙarƙashinsa, dukansu magidanta.

A daminar dubu biyu da huɗu ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Tun kafin ƙaramar salla dangin mijin Inno suka fara isowa daga Hamdara, mata da tsofaffi da yara, mazan sun yi kudu neman abin da za su aiko. Zaure ya cika, ɗakin ajiyar kwano ma aka kwashe aka shimfiɗa tabarmi. Kaltuma ta koma ƙara wa kunu ruwa tana kawar da kai. Abu biyu ke riƙe da gidan: albashin Inno, wanda bai taka kara ya karya ba amma bai taɓa saɓa ƙarshen wata ba, da aikin furojen da Idirisu ke jira. Ya san bana za a nemi buta fiye da kowace shekara, tunda garka kaɗai ta rage wa mutanen karkara. Kullum yana aiki kunnensa na kan titi. Motar ba ta zo ba.

Da salla ta wuce da kwana biyar ya kasa haƙuri, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi da kansa. Mai gadin da ya saba yi masa ba'a ya tare shi a ƙofa, yana sunkuyar da kai, ya ce yanzu ba a shiga. Baturen nan ya koma ƙasarsu. Masu ba da kuɗin furojen sun canja doka, an daina sayen komi da baki. An kawo wata mata daga Yamai, Madam Rabi'atu, ita ce mai kula da sayayya, kuma ba ta ganin kowa. Ya nuna masa allon da aka kafa a jikin bango, ya miƙo masa wani damin takardu da Faransanci.

Idirisu bai yi lakwal ba, bai iya karatun boko ba. Ya nufi gaban gidan waya wurin Malam Suma'ila, tsohon da ke rubuta wa mutane wasiƙa da takardun hukuma a kan wani ɗan tebur mai ƙafa gurguwa. Ranar layi ya yi tsawo, Malam Suma'ila ya karanta masa shafukan farko a tsaitsaye. Buta dubu biyu da ɗari huɗu ake so, an raba kashi uku: na Dogo, na Hamdara, na Takieta. Kowa na iya nema, daga ko'ina yake. Mai nema zai kawo rajistar kasuwanci, da lambar lanho, wato ta haraji, da shaidar ya biya patanti, kuɗin izinin sana'a, da buta ɗaya ta gwaji, da farashinsa a cikin ambulan liƙaƙƙe wanda ba suna a bayansa. Za a jefa cikin akwati mai kwaɗo kafin ƙarfe goma na safiyar rana ta ashirin da ɗaya, a buɗe a gaban kowa. An hana mai nema magana da ma'aikaci a kan aikin. Wanda ke da tambaya ya rubuto ta cikin kwana goma na farko, a liƙa amsar a allo kowa ya gani.

Malam Suma'ila ya ce ya je ya haɗo waɗannan tukuna, sauran shafukan sa hannu ne kawai.

Shekara ashirin Idirisu yana sana'a, takardarsa ɗaya ce, tikitin kasuwa. Yanzu ya wuni kotu, ya wuni gidan lanho, ya koma ma'aikatar magajin gari. Nan a ce hotonsa ya yi duhu, can a ce mai hatimi ya tafi jana'iza, a dawo gobe. A takardar haihuwarsa an rubuta sunan ubansa da wani harafi, a katinsa an rubuta da wani, wannan kaɗai ya cinye kwana uku. In ya dawo rumfa da la'asar, ƙafafu sun yi nauyi, sai ya zauna kan butar gwaji. An ce lita goma sha biyu cif, ya auna da kwalba har sau huɗu. An faɗi kaurin ƙarfen, an faɗi yawan hujin da ke kan bakin, ya ƙirga su da tsinke. Mutanensa shida suna zaune babu aiki, suna kallon hannunsa. Ranar da takarda ta ƙarshe ta shigo aljihunsa kwana goma sha uku sun wuce.

Ya koma wurin Malam Suma'ila da sanyin safiya, ransa ya ɗan yi fari. Suka bi shafi-shafi, tsohon yana nuna masa inda zai sa hannu. Da suka kai shafi na tara Malam Suma'ila ya bi layin da yatsa, ya sake bi, sannan ya cire tabarau ya aje.

"Maƙeri, Inno har yanzu tana shara a wurin nan?"

Idirisu ya ce tana yi.

"To, akwai magana. Nan rantsuwa ce. An ce mai nema ya shaida ba shi da ɗan'uwa na jini ko na aure cikin ma'aikatan furojen. In yana da shi, ga gurbi a rubuta sunansa. Ni dai a fahimtata, wanda ya cike gurbin nan ya fitar da kansa da hannunsa. Wanda kuma ya ɓoye aka gano, shekara biyar ba zai ƙara neman aikinsu ba, ɗan'uwan nasa kuma a sallame shi."

Idirisu ya aje alƙalamin. Ya ce ai Yaya tsintsiya ce tata, ko sunanta ba ta iya rubutawa, me ta sani game da farashi. Malam Suma'ila ya ce takarda ba ta ce babba ko ƙarami ba, ma'aikaci ta ce. Idirisu ya ce to a rubuta tambaya a kai wa matar. Tsohon ya ƙirga kwanaki da yatsu, ya ce an rufe ƙofar tambaya tun kwana huɗu da suka wuce.

Ya naɗe takardun ya tashi ba tare da ya sa hannu ba. Saura kwana bakwai.

Abin da ya fi cin ransa shi ne, dokar ba ta yi masa ƙarya ba. Ta hannun yayarsa ya shiga wurin nan, ko da ba da niyya ba. Har ya riƙa ji kamar wanda ya rubuta shafin a can ƙasar da bai taɓa gani ba ya san labarin butar da furannin. Ya yi tunanin ya bar gurbin fayau ya sa hannu. Amma wa zai ɓoye wa? Mai gadi ya sani, direbobi sun sani, Birni gaba ɗaya ta sani, kuma cikin masu nema ba za a rasa wanda zai kai tsegumi ba. Ko ba wannan, rantsuwa ce, shi kuwa bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba ko a cinikin mazurari. Ya yi tunanin ya haƙura da aikin. Sai ya tuna mutum shida da iyalansu, da ashirin da wani abu da ke jiran tukunyar Kaltuma, ga shi ko tsakiyar rani ba a kai ba kuɗin tiyar gero, kwanon awo, ya fara gudu. Ya yi tunanin na uku, wanda ko a zuciyarsa bai iya ƙarasa shi ba: ya dubi matar da ta rene shi ya ce ta aje aikinta saboda aikin da bai tabbata zai samu ba.

Ya daina cin abinci a tsakar gida. Da safe sai ya tsaya masallaci har ya tabbata Inno ta fita. A rumfa ya ɗiga wa kansa narkakkiyar dalma a bayan hannu, abin da rabonsa da shi tun yana koyo.

A rana ta uku Alhaji Ado ya zo. Bakano ne, mai shagon kwano da fenti a Zango, wurinsa Idirisu ke sayen ƙarfe shekara da shekaru, kuma shi ma yana cikin masu nema. Labari ya riga ya kai masa. Ya zauna kan benci, ya gaisa da kowa, sannan ya ja Idirisu gefe. Ya ce abin ai mai sauƙi ne: shi takardunsa cikakku ne, ba shi da kowa a biron. Idirisu ya ba shi butar gwajin, ya nema da sunansa, in an samu Idirisu ya ƙera, a raba. Ya ce ko a Kano haka ake yi tun da aka fara irin wannan doka, masu takarda a gaba, masu hannu a baya. Ba da mugunta ya faɗa ba, Idirisu ya san haka. Amma ya san kuma akwai butocin roba jibge a bayan shagon Alhajin, kuma in sunan wani ne a takarda, ranar da aka ce a cika da roba ba shi da bakin magana. Ya ce zai yi shawara. Alhaji Ado ya ce ƙofarsa a buɗe take har jajibirin ranar.

Bai gaya wa kowa a gida ba sai Kaltuma, ita ma don ta tsare shi da tambaya a kan ƙunar hannunsa. Ya roƙe ta ta riƙe. Ta riƙe kwana biyu, sannan ta gaya wa Inno.

Saura kwana biyu a rufe akwati, da hantsi, lokacin da ya kamata Inno tana goge tebura, sai ga ta a bakin rumfa da mayafinta na unguwa. Tun da ya kafa rumfar nan ba ta taɓa zuwa ta zauna ba. Guduma ta tsaya. Mutanen suka gaishe ta, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ya share mata benci da hannun riga, ya durƙusa a gabanta.

"Na mayar musu da makullansu," in ji ta. "Na ce bayana ke ciwo, ba zan iya ba. An rubuta, na dangwala. Yanzu ba ka da kowa a can. Je ka sa hannunka."

Da ƙyar ya ce, "Yaya, ba a ba ni aikin ba fa. Nema kawai zan yi. Mutum goma ne ko fiye."

"Na sani. Ni na share ɗakin da akwatin yake." Ta dubi bayan hannunsa, ta girgiza kai. "Albashina bakin mutum nawa yake ciyarwa? Aikinka fa? Kai ka tsaya kana ɓuya a masallaci kamar wanda ya yi sata."

Ta ƙi ruwan da ya kawo, ta ce tana da wanki. Ya bi ta da ido har ta shige cikin masu sayar da tabarmi. A ranar ya koma gaban gidan waya, ya sa hannu a shafi na tara, gurbin ba kowa, kuma ba ƙarya a ciki. Ya aika wa Alhaji Ado godiya. Malam Suma'ila ya liƙe ambulan, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya juya shi gaba da baya don ya tabbata ba wani rubutu.

Ranar buɗewa tun ƙarfe takwas yana ƙofar biron, buta a hannu ɗaya naɗe cikin buhu, ambulan a ƙirji. Wata mata da bai sani ba tana share baranda, da goyo a bayanta. Ya kawar da kai. Ƙarfe goma daidai aka ja ƙofa, wani ɗan kasuwa da ya taso daga Takieta ya iso da minti shida, ya yi roƙon duniya aka ƙi karɓa. Idirisu ya ji tausayinsa, ya kuma ji tsoro ya ƙaru masa, don ya ga ba wasa a lamarin.

Su goma sha ɗaya aka zaunar a kan kujerun ƙarfe. Madam Rabi'atu ba ta kai yadda ya zata a shekaru ba, siririya ce, mai magana a hankali. Ita da mutum uku suna bayan tebur. Tana yanka ambulan, ta karanta suna da farashi da Faransanci, ta maimaita da Hausa, ɗaya ya rubuta a allo. An ture biyu gefe saboda takardar lanho ta tsufa. Da aka zo kan nasa, ta ɗaga kowace takarda ta nuna wa na kusa da ita. Ta ce cikakke ne. Ya sauke numfashi, ya ji rigarsa ta jiƙe a baya.

Ambulan na takwas na wani maƙeri ne daga Sabon Gari, Tanimu. Madam ta kai shafi na tara ta tsaya. Ta ce wannan ya rubuta cewa ƙanen matarsa direba ne a furojen. Tanimu ya sunkuyar da kai. Ta juya ta yi magana da na kusa da ita a taƙaice, sannan ta ce da Hausa, yadda kowa zai ji, an gode da ya bayyana. Direba ba ya cikin masu zaɓe, bai ga farashin kowa ba, don haka dosiyen, wato takardun nemansa, na nan a cikin takara. Ta ce abin da doka ta hana shi ne ɓoyewa, da kuma dangantaka da wanda ke da hannu a hukunci. Ta aje, ta ɗauki na tara.

Idirisu bai ji sauran ba. Yana zaune, hannuwansa kan gwiwa, yana kallon allo ba ya ganin komi. Daga waje yana jin ƙarar tsintsiya a kan siminti.

Da aka watse ya tsaya a bakin ƙofa har ta fito. Ya ce ba maganar buta zai yi ba. Ya gaya mata ko shi wane ne ga Inno, da abin da aka karanta masa, da dalilin ciwon bayan. Matar ta daɗe tana kallonsa. Ta ce da an rubuto tambaya, layi ɗaya ne amsarta. Ya ce lokacin da ya san akwai tambayar an riga an rufe. Ta ce shafin da harshen lauyoyi aka rubuta shi, ita ma sai da aka koya mata a Yamai, kuma za ta sa a rahotonta cewa ya kamata a riƙa tara masu nema a bayyana musu da Hausa tun farko. Amma gurbin shara an riga an ba wata, an sa hannu, matar kuwa daga ƙauye ta zo da yara uku, ba a korar ta ba laifi. Ta ce ya gaishe da Inno, wurin bai ƙara yin tsabta irin tata ba.

Bai koma rumfa ba. Ya yi ta yawo a gari, ya bi ta bayan duwatsu, ya zauna gindin wata bedi har azahar ta wuce, yana juya yadda zai faɗa mata, ko ma ya bar ta cikin rashin sani. Da ya shiga gida ya tarar da ita tana tankaɗe, ta ɗago ta dube shi, ya gane mai gadi ya riga shi.

"Na ji," ta ce. "Da ka tambaye ni tun ranar farko, da na shiga na tambaye ta da bakina ina goge teburinta. Ni ba mai nema ba ce, ba a hana ni magana ba. Kai ka ɓoye mini, ni ma na je na yi nawa ban gaya maka ba. Ka ga mun yi daidai."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ya tsaya a kanta, har ta ce ya matsa yana tare mata haske.

Sati uku aka yi ana jiran sakamako, don sai an aika Yamai, Yamai ta aika gaba. A cikinsu ne ƙarshen wata ya zo ya wuce ba abin da ya shigo gidan. Kaltuma ta sayar da kwanoninta na jere, Inno ta bi matan Hamdara daji ɗibar anza, ƴaƴan itacen da ake ci lokacin yunwa. Idirisu yana zuwa allon nan safe da yamma. Ran da aka liƙa takardar ya tsayar da wani mai wucewa ya karanta masa, bai yarda ba, ya tsayar da na biyu. An ba shi kashin Dogo da na Hamdara. Na Takieta ya faɗa wa Alhaji Ado, wanda ya fi kowa araha da ƴan kaɗan.

Suka yi aikin kamar masu gudun wuta, mutum shida suka koma goma sha ɗaya, Tanimu ma ya zo da gudumarsa. Sabuwar dokar ta ce kowace buta sai an buga mata lamba da fenti. Inno ta karɓi wannan. An yanka mata lambobin a jikin kwano, tana ɗorawa tana shafawa, ba ta san me suke cewa ba amma ba ta taɓa juya ɗaya ba. Duk da haka sai ƙarshen watan Janairu butocin suka isa hannun masu garka. A Dogo, inda ruwa ke kusa, sun yi amfani. A wasu ƙauyukan Hamdara tabkin ya riga ya koma laka, mutane suka karɓa, suka dangwala, suka rataye a rumbunan da ba komi cikinsu sai wata shekara.

Abin da aikin ya kawo shi ya fitar da gidan daga wannan rani, da ƙyar, ba tare da an binne kowa ba. Malam Suma'ila ya zo har rumfa ya ba da haƙuri, ya ce shekara talatin yana karanta takardun hukuma, bai taɓa ganin inda faɗin gaskiya ke wanke mutum ba, shi ya sa bai kawo haka a ransa ba. Idirisu ya ce ya wuce. A shekarar da ta biyo an tara masu nema a ƙarƙashin rumfa an yi musu bayani da Hausa, shi ne a layin gaba, shi ya fi kowa tambaya har aka fara yi masa dariya. Ya ci wannan karon ma. A karon da ya biyo butar roba ta kayar da shi, ba ta kuma sake ba shi hanya ba. Rumfar ta koma mutum biyu, ana yin murhu da masaki da gyaran tsofaffin butoci.

Inno ba ta jira ganin wannan ba. Da ruwan farko ya sauka, baƙin Hamdara suka ɗaure kayansu, ita ma ta ɗaure nata. Ta ce gonar marigayi tana can ba mai kula, manyan ƴaƴanta biyu sun isa riƙe hauya. Idirisu ya yi magiya, ya sa limamin unguwa ya yi mata magana, ta ce ba fushi take ba, zaman gari ba aiki ne ba ta iyawa. Ya raka su tasha, ya sa mata buhun iri a ƙarƙashin kujera. Can ta zauna. Duk kaka takan aiko masa da wake da yakuwa busasshiya ta hannun direban motar kasuwa, da saƙon ya rage shan shayi, likita ya ce yana ƙara masa hawan jini.